Daga Ƙudan Pavia Zuwa Huhun Mai Tarin Fuka

A farkon shekarun 1960, a wata cibiyar nazarin gado da ke garin Pavia na ƙasar Italiya, wani matashin masani mai suna Ferruccio Ritossa yana kiwon tsutsotsin ƙuda a cikin akwatin ɗumi. Ƙudan irin ɗan mitsitsin nan ne da ke dandazo a kan ruɓaɓɓen mangwaro. Masana sun ƙwallafa rai a kansa saboda zaren gado da ke cikin jakar yawun tsutsarsa kauri gare shi, ana ganinsa ɓaro-ɓaro a madubin hangen ƙananan halittu, kuma duk inda wata ƙwayar gado ta tashi aiki sai wurin ya kumbura. Wata rana wani abokin aikinsa ya ƙara zafin akwatin bai faɗa masa ba. Da Ritossa ya duba tsutsotsin sai ya tarar da kumburi a wuraren da bai saba gani ba.

Da wani ne, da ya zubar da su ya shiga faɗa. Shi kuwa sai ya maimaita abin da gangan, ya ɗaga zafin daga digiri 25 zuwa 30, kumburin ya sake fitowa a wuraren nan dai. Ya gwada wani sinadari mai guba da ake kira DNP, ba tare da ya taɓa zafin ba, nan ma haka. Wato abin da ke tayar da waɗannan ƙwayoyin gado ya fi zafi faɗi: wahala ce, ko ta wane iri. Wata babbar mujallar kimiyya ta mayar masa da takardarsa, wai ba ta ga muhimmancinta ba. A 1962 ya samu wata mujallar ƙasar Suwizalan, Experientia, ta buga masa. Aka yi sama da shekara goma kusan babu mai waiwayar aikin. Shi kansa Ritossa daga baya ya bar ɗakin bincike ya koma sassaƙa, ya rasu a 2014.

A shekarar da takardar ta fito, an cika shekara 80 cif da daren 24 ga Maris 1882, lokacin da Robert Koch ya tsaya gaban likitocin Barlin ya nuna musu ƙwayar da ke kawo tarin fuka. Ƙasashen masu kuɗi sun fara ɗaukar cutar a matsayin tsohon labari. Akwai riga-kafin BCG tun 1921, an gano sitireptomaisin a 1943, isoniyazid ya shigo a 1952, asibitocin killace masu tari na Turai da Amurka sai rufe su ake yi ɗaya bayan ɗaya. Da wani ya ce ƙudan Ritossa yana da abin faɗa game da huhun mai tibi, wato tarin fuka, dariya za a yi masa. Sai da aka yi shekara 26 kafin hanyoyin biyu su haɗu.

Mataki na farko ya zo a 1974, sa'ad da Alfred Tissières da Herschel Mitchell da Ursula Tracy suka nuna cewa idan aka ɗumama tsutsar ƙudan, takan rage ƙera yawancin furotin ɗinta na yau da kullum ta mayar da ƙarfinta kan wasu 'yan kaɗan. Aka sa musu suna furotin na bugun zafi, ana taƙaita shi da Hsp, sannan a liƙa lambar nauyin kowanne: Hsp70, Hsp90, da sauransu. Kafin shekaru goma su cika an same su a yis, a tsirrai, a kaji, a ɗan Adam, har da bakteriya. A ɗaya gefen kuma, wani masani mai suna Costa Georgopoulos yana bincike kan wani bairas da ke cin bakteriyar hanji, E. coli. Ya samu wasu bakteriyoyi masu naƙasa waɗanda bairas ɗin ya kasa hayayyafa a cikinsu, domin ba ya iya harhaɗa kansa ba tare da taimakonsu ba. Daga irin wannan aiki sunayen groE da dnaK suka fito. Sai daga baya aka gane cewa DnaK na bakteriya shi ne Hsp70 na ƙuda da na mutum, GroEL kuma shi ne Hsp60.

Mene ne aikinsu? Furotin idan aka ƙera shi a cikin ƙwayar halitta, dogon zare ne na ɗaruruwan ƙananan sinadarai jere da juna. Kamar yadin rawani yake: tsawonsa bai isa ya zama rawani ba sai an naɗa shi yadda ya dace, kuma naɗin da ya warware ba shi da amfani ga mai shi. Zafi da guba suna warware wannan naɗin. Idan ya warware, sassan da ya kamata su ɓuya a ciki sai su fito fili su manne da na maƙwabta, a samu dunƙule. Duk wanda ya soya ƙwai ya ga haka da idonsa, lokacin da ruwan nan mai yauƙi ya koma fari ya daskare. Christian Anfinsen, wanda ya samu kyautar Nobel a 1972, ya nuna cewa furotin na iya naɗe kansa a cikin kwalbar gwaji. Amma cikin ƙwayar halitta cunkoso ne, kuma a cikin cunkoso naɗin yakan lalace. A 1987 John Ellis na Ingila ya yaɗa ra'ayin cewa akwai rukunin furotin masu aikin 'yan rakiya, suna riƙe sabon furotin har ya naɗu, suna kuma ceto wanda ya fara warwarewa. A 1994 aka ga siffar GroEL na E. coli: zobba biyu ɗaya kan ɗaya, kowanne da gaɓa bakwai, da rami a tsakiya inda ake saka furotin ɗin da ke neman gyara, sannan abokin aikinsa GroES ya zo ya rufe bakin ramin har aiki ya kammala.

Duk wannan a kan halittu masu sauƙin kiwo aka yi shi. Ƙwayar tarin fuka ba ta cikinsu. E. coli kan rabu biyu cikin minti 20, ita kuwa sai ta ɗauki awa 15 zuwa 20. Wanda ya shuka ta a faranti yau sai ya jira mako uku ko huɗu kafin ya ga tsiro. Jikinta lulluɓe yake da kitse mai kauri, fasa ta aiki ne, ga haɗarin mai bincike ya shaƙe ta. 'Yar'uwarta mai kawo kuturta ta fi ta taurin kai, don ita har yau ba ta tsira a faranti, sai a jikin dabbar armadilo ko tafin ƙafar ɓera. Saboda haka a shekarun 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta haɗa ɗakunan bincike na ƙasashe da dama, suka riƙa musayar antibodi, wato furotin da garkuwar jiki ke ƙerawa don kama ƙwayar cuta, don gano waɗanne sassa na ƙwayoyin nan biyu ne garkuwar jiki ta fi kai wa hari. Sassan da aka samu ba su da suna, sai lambar nauyi: na 71, na 65, na 38, na 19, na 14. Ba wanda ya san aikin ko ɗaya a cikinsu.

A 1985 Richard Young na Cibiyar Whitehead a Amurka, tare da Barry Bloom da wasu, suka yi dabarar da ta buɗe ƙofa. Suka yayyanka DNA na ƙwayar tibi, suka cusa guntayen a cikin bairas, bairas ɗin ya shigar da su E. coli, ita kuma ta shiga ƙera furotin ɗin tibi ba tare da haɗari ba, kuma cikin kwana ɗaya. Bayan shekara biyu Thomas Shinnick ya karanta jerin haruffan ƙwayar gadon da ke ƙera na 65. A 1988 ne abin mamakin ya bayyana. Shinnick da abokan aikinsa suka nuna cewa na 65 ɗin nan GroEL ne. A shekarar dai, Douglas Young ɗan Birtaniya da Richard Young Ba'amurke suka nuna cewa na 71 DnaK ne, kuma labarin ɗaya ne a ƙwayar kuturta. Ashe abin da jikin mai tibi ya fi gani a jikin maƙiyinsa, dangin furotin ɗin nan ne na ƙudan Pavia. Shekara ɗaya kafin nan, Stefan Kaufmann a Jamus ya ƙirga cewa a ɓerayen da aka yi wa allura da ƙwayar, kusan ɗaya cikin biyar na ƙwayoyin garkuwa da ake kira T da ke gane ta, na 65 ɗin suke ganewa. A cikin dubban furotin da ƙwayar ke da su, wannan kaso ne mai yawan gaske.

Mai karatu na iya tambaya: ƙwayar da ba ta da gida sai jikin mutum, inda zafi ke tsaye a digiri 37, ko zazzaɓi ya yi tsanani bai cika wuce 40 ba, me za ta yi da kayan kariya daga zafi? Amsar tana cikin gwajin Ritossa na biyu, wanda ya yi da guba. Idan ƙwayar ta shiga huhu, wata babbar ƙwayar garkuwa mai suna makurofaj ce ke haɗiye ta. A cikin makurofaj ana yi mata ruwan tsami, da sinadarai masu ƙuna na oksijin da naitirojin, ana kuma hana ta sinadarin ƙarfe da take bukata. Duk waɗannan suna warware naɗin furotin kamar yadda zafi ke yi. Yawancin bakteriya a nan suke mutuwa. Ita kuwa a nan take zama ta yi shekaru, kuma masu gyaran naɗi suna cikin abin da ke riƙe da ranta.

Murnar ganowa ba ta daɗe ba sai ga damuwa. Furotin ɗin nan tsofaffi ne ƙwarai a tarihin halitta, ba su cika canzawa ba, har na 65 ɗin nan na tibi, wanda aka koma kira Hsp65, da Hsp60 na mutum sun yi tarayya a kusan rabin jerin sinadaransu. To, garkuwar da ta koyi harbin na ƙwayar cuta, me zai hana ta harbi na jikinta? An daɗe da sanin cewa idan aka yi wa wasu irin ɓeraye allurar matacciyar ƙwayar tibi a cikin mai, gaɓoɓinsu kan kumbura da amosani. A 1988 Willem van Eden na Holan da Irun Cohen na Cibiyar Weizmann suka gano cewa ƙwayoyin T masu haddasa wannan kumburi, wani ɗan yanki na Hsp65 suke ganewa, daga sinadari na 180 zuwa na 188. Abin ya ƙara rikicewa da suka ga cewa in aka riga aka yi wa ɓeran allurar Hsp65 ɗin gaba ɗayansa, sai ya samu kariya daga amosanin. A 1992 rukunin Georg Wick a Ostiriya ya ba da rahoton cewa zomayen da aka yi wa allurar Hsp65 sun fara samun lalacewar bangon jijiyoyin jini. Nan da nan aka shiga jingina wa furotin ɗin ciwon gaɓɓai, da ciwon sukari na yara, da toshewar jijiya. Tawadar da aka zubar a kan wannan batu ta fi amfanin da majiyyata suka gani yawa, domin har yau ba a tabbatar da cewa Hsp65 ne ke kawo ko ɗaya daga cikin cututtukan nan a jikin mutum ba.

Masu neman riga-kafi kuwa ba su karaya ba, kuma suna da hujja. BCG na kare jarirai daga munanan nau'o'in tibi irin na sanƙarau, amma kariyarsa ga huhun babba ba ta da tabbas, musamman a ƙasashe masu zafi. A 1996 Douglas Lowrie da abokan aikinsa a Mill Hill da ke Landan suka yi wa ɓeraye allura da DNA zalla mai ɗauke da ƙwayar gadon hsp65 ta kuturta. Jikin ɓeran da kansa ya shiga ƙera furotin ɗin, kuma ɓerayen suka samu kariya mai kama da ta BCG. A 1999, tare da Celio Silva na Birazil, suka buga abin da ya fi haka a mujallar Nature: allurar ta rage ƙwayoyin cutar a jikin ɓerayen da suka riga suka kamu, kuma idan aka yi ta bayan magani tana hana cutar dawowa. A ce riga-kafi ya zama magani, ya kuma taƙaita wata shidan nan na shan ƙwaya! Ba ƙaramin fata aka sa ba.

Sai labari ya zo daga Kolorado. A 2000 rukunin Ian Orme ya gwada riga-kafi na Hsp60 na ƙwayar tibi, wato Hsp65 ɗin dai, bai ga kariya a ɓeraye ba, a ɓeran Masar kuma ya ga mummunan ciwon huhu. A 2003 suka ba da rahoton cewa allurar DNA ɗin, da aka yi wa ɓerayen da suka riga suka kamu, ta sa naman huhunsu ya mutu wuri-wuri. Masu sanin tarihi suka tuna da Koch. A 1890 ya yi shelar cewa ya samo maganin tibi, wani ruwa da ya tace daga ƙwayar mai suna tubakulin. Majiyyata suka yi tururuwa zuwa Barlin, ruwan ya harzuƙa garkuwar jikinsu a inda cutar take, wasu suka mutu. Ɗakunan binciken biyu sun yi ta musu kan irin ɓeran da kowa ya yi amfani da shi da hanyar da ya sa masa cutar, amma riga-kafin da sakamakonsa ke sauyawa daga ɗaki zuwa ɗaki, ba mai gaggawar kai shi jikin miliyoyin mutane.

Yayin da ake wannan hayaniya, amfanin gaske ya zo ta ƙofar baya. Kowace ƙwayar gado tana da makunni a gabanta, kuma na hsp65, wanda ake kuma kira hsp60, mai ƙarfi ne. A 1991 Ken Stover da abokansa suka ciro makunnin suka ɗaura shi gaban wasu ƙwayoyin gado na daban, suka sa BCG ya riƙa ƙera furotin ɗin wasu cututtuka. Zoben DNA da suka haɗa, pMV261, ya zama kayan aikin yau da kullum a ɗakunan binciken tibi na duniya, har yanzu ana amfani da shi.

Na biyu ya fi kusa da gadon asibiti. Dangin ƙwayar tibi suna da yawa, sun haura nau'i 150, akasarinsu a ruwa da ƙasa suke zaune. Wasu kan shiga huhu su kawo tari da rama, kuma a madubi ba a bambanta su da tibi, ga shi maganin tibi ba ya yi musu aiki yadda ya kamata. A da, gane ko wane ne sai an yi makonni ana gwaje-gwajen sinadarai. A 1993 Amalio Telenti a birnin Bern ya fito da hanya: a ninninka wani yanki na hsp65 mai haruffa 439, a sa sinadarai biyu su yanka shi, a jera guntayen a kan farantin jel. Da yake kowane nau'i yana da hsp65 amma da 'yan bambance-bambance, layukan da za su fito a farantin sukan bambanta, kuma cikin yini ɗaya an san mai laifi. Wannan matsala ba ta Turai kaɗai ba ce. Wani bincike da aka buga a 2013 kan masu tari a Kaduna da cibiyar horaswa kan tibi da kuturta ta Saye da ke Zariya ya samu cewa kusan kashi 15 cikin ɗari na waɗanda kakinsu ya tsirar da ƙwaya, ba tibi ba ce a huhunsu, danginta ne.

A watan Yuni 1998 Stewart Cole da masana na Cibiyar Pasteur da Cibiyar Sanger suka buga cikakken kundin gadon ƙwayar: haruffa 4,411,529, ƙwayoyin gado kusan 4,000. Nau'in da suka karanta, H37Rv, asalinsa daga wani majiyyaci ne a Saranac Lake ta jihar New York a 1905. Yanzu kowa na iya ganin yadda aka jera masu gyaran. DnaK yana zaune a lamba Rv0350, mataimakansa GrpE da DnaJ1 suna biye da shi, sai na huɗu a layin, Rv0353, wanda ba mai gyara ba ne. Sunansa HspR, kuma aikinsa ya zauna kan makunnin sauran ya hana su tashi. Akwai wani mai hanawar na biyu, HrcA, mai kula da GroEL da GroES.

Tsarin HspR yana da wayo. Ba ya riƙe makunnin da kyau sai DnaK ya dafa masa. In lafiya ake, DnaK ba shi da aiki da yawa, sai ya zauna tare da HspR su danne makunnin. Da wahala ta zo furotin suka fara warwarewa, DnaK zai tashi ya tafi gyara, HspR ya saki, a ƙera ƙarin DnaK. In ƙura ta lafa, rarar DnaK ta dawo ta sake danne shi.

Graham Stewart da Douglas Young a Kwalejin Imperial ta Landan suka yi tambaya mai sauƙi: in aka cire HspR fa? Hankali zai ce ƙwayar da masu gyaranta ke aiki dare da rana za ta fi ƙarfi. Suka cire shi, suka sa wa ɓeraye ƙwayar, suka buga sakamakon a 2001. A makonnin farko ta yi ta hayayyafa kamar kowace. Amma da cutar ta shiga zangon daɗewa, lokacin da garkuwar jiki ta gama shiri, sai adadinta ya faɗi ƙasa da na ƙwayar da ba a taɓa ba. Bayanin da suka bayar shi ne yawan Hsp70 ya tona mata asiri, ya sa ƙwayoyin T sun fi ganinta. Cikin duk gwaje-gwajen da aka yi a wannan fage, wannan ne ya fi bayyana halin ƙwayar tibi. Tana bukatar masu gyaran don ta rayu a cikin makurofaj, amma su ne kuma abin da jiki ya fi saurin ganewa, don haka take ƙera daidai bukata ta kashe makunnin. A 2002 rukunin ya ɗumama ƙwayar zuwa digiri 45 na rabin awa, suka ga ƙwayoyin gado fiye da 100 sun tashi, kuma wadda ta fi kowacce tashi ita ce acr2, wadda kafin nan ba a damu da ita ba.

Wannan acr2 tana da 'yar'uwa mai labari na daban. Tsohon na 14 ɗin nan, wanda daga baya aka gyara lambarsa zuwa 16 aka kira shi HspX, an gano a 1992 cewa dangin furotin ɗin da ke cikin madubin idon mutum ne, wanda ke hana sauran furotin ɗin ido dunƙulewa su zama yana. Sunansa na bugun zafi ne, amma zafi bai cika tayar da shi ba. Ƙarancin iska ke tayar da shi. Lawrence Wayne, wani masani a Kalifoniya wanda ya shafe shekaru yana nazarin yadda ƙwayar ke kwanciya barci, ya fito da wata hanya a 1996: a zuba ƙwayar a kwalba, a bar 'yar iska kaɗan a sama, a toshe bakin, a sa ɗan maganaɗisu yana juya ruwan a hankali. Ƙwayoyin suna shan oksijin ɗin sannu-sannu har ya ƙare, kuma maimakon su mutu sai su daina rabuwa su yi lamo. A shekarar ce rukunin Clifton Barry a Montana ya nuna cewa a irin wannan hali HspX yana cikin furotin ɗin da suka fi yawa a jikin ƙwayar. Zuwa 2003 an gano shugabansa, DosR, mai tayar da ƙwayoyin gado kusan 48 idan iska ta yi ƙaranci. Muhimmancin wannan a bayyane yake, tunda ana ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa kamuwa da ƙwayar, akasarinsu ba tare da ciwo ba. A 2006 rukunin Anthony Coates a Landan ya cire hspX, sai ƙwayar ta fi saurin yaɗuwa a jikin ɓera. Nan ma dai furotin ɗin na rage gudu ne.

GroEL ma bai bi ƙa'idar littafi ba. E. coli ɗaya gare ta, ƙwayar tibi biyu, kamar yadda aka gano a 1993. Na biyun, wato tsohon na 65, ba ta rayuwa in babu shi. Na farkon ana iya cire shi ta ci gaba da girma, sai dai a 2008 aka ga cewa ƙwayar da ba ta da shi ba ta tayar da ƙullutun kumburin nan da tibi ya saba yi a huhun ɓera da ɓeran Masar. A Haidarabad ta Indiya, Rohini Qamra da Shekhar Mande suka fitar da siffar na biyun a 2004, suka same shi gaɓa biyu-biyu maimakon zobban nan masu gaɓa 14, abin da ya jawo muhawara ta shekaru kan yadda yake aiki a cikin ƙwayar. A 2005 kuma ɗakin Graham Hatfull a Pittsburgh ya lura cewa wani bairas mai suna Bxb1 yana cusa DNA ɗinsa a tsakiyar groEL1 na wata 'yar'uwar tibi marar cutarwa, kuma ƙwayar da aka yi wa haka ba ta iya yin kaurin yanar da ta saba yi a saman ruwa, domin GroEL1 yana da hannu a ƙera kitsen jikinta.

Tun daga wajen 2010 hankali ya karkata daga riga-kafi zuwa magani, saboda tibi mai bijire wa magani ya zama babbar barazana. A 2014 Allison Fay da Michael Glickman a New York suka nuna cewa 'yar'uwar nan ta tibi ba ta rayuwa in babu DnaK ko da babu wata wahala. A 2015 ɗakin Carl Nathan ya bayyana aikin wani mai gyaran, ClpB: yana tattara furotin ɗin da suka lalace har ba su gyaruwa ya kai su gefe ɗaya na ƙwayar, in ta rabu biyu ɗaya ta gaji sharar ta yi rauni, ɗayar ta fita da ƙarfinta. A 2021 aka nuna cewa DnaK yana tallafa wa ƙwayoyin da suka bijire wa maganin tibi mai suna rifamfisin. Canjin da ke ba su bijirewar, wanda na'urar GeneXpert ke nema a kakin majiyyaci, yakan raunana wani muhimmin furotin nasu, DnaK ne ke riƙe shi ya ci gaba da aiki. Bayan shekara ɗaya rukunin Tania Lupoli ya samu cewa telaprevir, tsohon maganin ciwon hanta nau'in C da aka daina sayarwa bayan an samu waɗanda suka fi shi, yana toshe DnaK a kwalbar gwaji, yana kuma ƙara wa wasu magunguna ƙarfi. Akwai kuma sinadarai irin su lasomaisin da ekumisin, waɗanda aka samo daga bakteriyar ƙasa, masu rikita ClpC1, wani ɗan gidan masu gyaran. Wahalar dai tsohuwa ce: mutum ma yana da nasa Hsp70, kuma maganin da bai bambanta su ba guba ne.

A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, mutum miliyan 10.8 suka kamu da tarin fuka a 2023, miliyan 1.25 suka mutu, kuma Najeriya na cikin ƙasashe takwas da ke ɗauke da kashi biyu cikin uku na masu cutar. Riga-kafin da aka fi sa wa ido yanzu, M72, wanda ya ba da kariya ta kusan kashi 50 cikin ɗari a gwajin da aka yi a Kenya da Zambiya da Afirka ta Kudu kuma ya shiga babban gwaji a 2024, babu Hsp65 ko Hsp70 a cikinsa. Shekara talatin da ɗoriya bayan 1988, babu magani ko riga-kafi ko ɗaya a kantin asibiti da aka gina a kan waɗannan ƙwayoyin gado. Abin da ke hannu shi ne magungunan nan huɗu na wata shida, kuma suna warkarwa in an sha su har ƙarshe. Duk wanda tari ya wuce masa mako biyu, ya kai kakinsa asibitin gwamnati mafi kusa mai sashen tibi. A Najeriya gwajin da maganin duka kyauta ne.